Motar asibiti ba ta tuƙa kanta

Lokacin da aka ɗora mini kula da motar ɗaukar marasa lafiya a asibitinmu, wanda ke wata ƙaramar hukuma a kwarin Haɗeja, motar ba ta da laifin komai. Tayoyinta sababbi, jiniyarta na aiki, tukunyar oksijin a cike. Mai son shigarta ne babu. Da an ce ga mara lafiya za a tura babban asibiti, sai ɗakin ma'aikata ya watse: wannan ya tafi alwala, wancan cajin wayarsa ya ƙare, waccan ciwon kai ya taso mata yanzu-yanzu. Daga ƙarshe wanda ya fi kowa ƙuruciya a wurin, wani lokaci ma ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, shi ake turawa bayan mota tare da macen da jini ya ɓalle mata.

Manyanmu suka ce lalaci ne. Ni ban yarda ba, domin mutanen nan da ake kira malalata su ne suke kwana a tsaye a ɗakin haihuwa, da fitilar waya a baki idan batirin sola ya mutu. Saboda haka kafin in taɓa jadawalin aiki sai na riƙa shiga motar da kaina, ina kuma zama da mutane ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiyar bakin ƙofa, inda baki ya fi sakuwa fiye da ofis.

Abin da ya fara fito mini fili shi ne, a takarda tafiya kawai ake lissafawa. An rubuta an kai mara lafiya Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano, shi ke nan an rufe littafi. Babu inda aka rubuta cewa an tashi bayan isha, an isa tsakar dare, an tsaya jiran gado saboda su ma can a cike suke, an sake tsayawa kafin a sako gadon turawa da tukunyar oksijin, sannan aka kamo hanyar gida ana kiran assalatu. Wanda ya yi rakiyar da kuɗinsa ya sayi shayi da burodi, da katinsa ya yi ta buga waya, ya iso kuma ya tarar da sunansa cikin masu aikin safe. Mutum ya yi wannan sau biyu, na uku ai alwala za ta kama shi.

Mata kuwa suna da tasu damuwar da ba sa faɗa a taro. Ungozomarmu babba, wadda duk muke kira Anti, ita ta fito mini da ita ƙuru-ƙuru. Ta ce, "Malam, tafiyar ba ta dame ni ba, ai akwai 'yan uwan mara lafiya a mota. Dawowar ce. Daga ni sai direba, ƙarfe uku na dare, a daji. Maigidana bai ce komai ba, amma surukata ta ce." Wannan ba abin da za a warware da lacca ba ne a garin da kowa ya san kowa. Sai muka tsara cewa duk macen da za ta yi rakiyar dare, Inna mai taimakawa a ɗakin haihuwa ko abokiyar aikinta za ta bi ta, a kuma lissafa mata shi a matsayin aiki. Muka riƙa manna jadawali mako guda kafin lokaci domin kowace ta sanar a gida. Abin mamaki, Inna da aka sa don rufin baki sai ta zama hannu na uku da ake matuƙar bukata a bayan mota: ita ke riƙe ledar ƙarin ruwa, ita ke haska fitila, ita ce kuma ta iya yi wa uwar mara lafiya magana har ta daina kururuwa.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa maganar mata ta yi yawa a nan. Mafi yawan kiran da muke samu na haihuwa ne: doguwar naƙuda, jijjiga, zubar jini. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A makaranta an koya mana jinkiri uku da ke kashe su: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu na biyun ne a wuyanmu, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace lafiyayya cikin awa biyu. Duk mintin da aka ɓata ana neman wanda zai yarda ya shiga mota, daga cikin awa biyun nan aka cire shi.

Sai maganar direba, wadda ita ce ta fi ɗaukar mini hankali, har yau kuma ina ganin ita ce gindin komai. Direbanmu babba dattijo ne, ya daɗe yana jan motar haya a hanyar Maigatari kafin ya shigo aikin gwamnati. Kowa Baba yake ce masa. Ba a taɓa kiransa taron ma'aikata ba. Idan ana taro yana waje a kan benci yana sauraren rediyo. Alhali shi ne yake kama ƙafa a ɗaga mara lafiya, shi ke tare dangi idan sun yi cincirindo za su cika mota, shi ya san wace hanya ruwa ya cinye, wane gari ne ke da sabis ɗin waya. Idan an dawo kowa ya sauka ya tafi, shi ake bari da jinin da ya malale a ƙasan mota, ya wanke da omo da tsumma, hannu tsirara. Na tambaye shi ko an taɓa yi masa allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan ai ta ma'aikatan lafiya ce. Ni ɗan mota ne, haka kuka ɗauke ni."

A taro na gaba na sa aka shigo da kujera biyu, ta Baba da ta ƙaramin direba. An ɗan yi gunaguni, wasu na ganin za a yi maganar marasa lafiya a gaban waɗanda ba su yi karatun aikin ba. Na ce to ai a gabansu marasa lafiyar suke haihuwa, a gabansu suke cikawa, wane sirri ne ya rage? Aka yi musu allurar nan sau uku kamar yadda ƙa'ida ta ce. Aka ajiye safar hannu mai kauri, da takunkumi, da takalmin roba a cikin motar, da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na wanke jini. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke ɓulla kusan kowane rani, barin mutum ya taɓa jinin da bai san na wane ciwo ba ne ganganci ne. Muka kuma kafa doka cewa wankin mota aikin duk waɗanda suka yi tafiyar ne, ko nas ne ko ni kaina. Wannan dokar ta fi kowace shan suka, ita ce kuma ta fi gyara zama. Mutumin da kuka durƙusa tare kuna goge jini da asuba, da wuya gobe ka daka masa tsawa a gaban jama'a.

Anti ta ɗauki nauyin koya wa direbobin abubuwan farko: yadda ake danne rauni mai zubar jini, yadda ake kwantar da mai ciki ta gefen hagu, yadda ake ɗaga wanda ya yi hatsari ba tare da an lanƙwasa wuyansa ba, da yadda ake matsa jakar numfashi idan hannun ma'aikaci ya cika. Shi kuma Baba ya koya mana duba mai da ruwa da iskar taya, da inda jak da safaya suke. Da yawanmu mun shekara muna shiga motar ba mu san inda ake buɗe gabanta ba.

Daga nan muka raba iko gida biyu. A gaba direba ne shugaba: shi zai ce wannan hanyar ba ta biyuwa, wannan ruwan ba zan shiga ba, wannan gudun ya isa. A baya ma'aikacin lafiya ne shugaba: shi zai ce a rage gudu, a tsaya, a juya zuwa asibiti mafi kusa. Kowannensu idan ya ce a tsaya, to a tsaya, a yi gardamar daga baya. Dalilin wannan shi ne matsin da direba ke sha daga dangi. Miji na zaune kusa da shi yana cewa, "Direba taka mana, don Allah taka!" A hanyarmu kuwa ga amalanken shanu babu fitila, ga awaki, ga ramuka da ruwa ya rufe, ga motocin kasuwa idan Lahadi ce ranar Gujungu ko Alhamis ranar Maigatari. Shi kuma na baya yana ƙoƙarin neman jijiya mota na tsalle da shi. Sai muka mayar da hankali kan abin da ake yi kafin a tashi: a sa ƙarin ruwa tun a asibiti, a yi allurar oksitosin ga mai zubar jini, a ba mai jijjiga allurar magniziyam, a ɗaure gado, sannan a kunna mota. Dangi kan ga kamar ana ɓata lokaci, amma macen da ta fara jijjiga a tsakiyar hanya ba a yi mata allurar ba, babu gudun da zai cece ta. Mijin kuma muka daina zaunar da shi a gaba idan hankalinsa a tashe yake, sai a sami wani dattijo cikin dangi ya zauna.

Akwai wata dabara da masu aikin gaggawa suka aro daga matuƙa jirgin sama, wato wanda aka ba umarni ya maimaita shi da baki. Tsakanin gaba da bayan motar akwai shamaki, ga ƙarar inji, ga kuka. Idan na ce, "Baba, rage gudu zan sa allura," sai ya ce, "Na rage." Idan na gama in ce, "Na gama, mu je," ya ce, "Mun tafi." Da farko dariya abin ya ba mutane, ƙaramin direba har yana ƙarawa da "Ranka ya daɗe" don tsokana. Yanzu idan ba a ji amsa ba sai a ƙwanƙwasa gilashi.

Barci shi ne yaƙin da na fi shan wahalarsa, domin ya taɓa jadawalin asibiti gaba ɗaya, ma'aikata kuma ba su da yawa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Babu wanda zai yarda mashayi ya ja motar asibiti, amma direban da ya wuni a bakin aiki ya kuma kwana a hanya, goro da Nescafe ne kawai ke riƙe da idonsa, ana yaba masa da ƙwazo. A tasha kowa ya san abin da wasu direbobin haya ke haɗiya don kada barci ya ɗauke su, ban kuma so gajiya ta kai namu can ba. Da wannan hujjar na je wurin shugaban asibiti. Ya ce, "Malam, na ji ka, amma wa zai riƙe aikin safe?" Muka zauna da jadawali da fensir har muka samo hanya: duk wanda ya dawo bayan ƙarfe biyu na dare ba zai shigo ba sai bayan azahar, wanda ke hutun ranar ya riƙe masa safiyar, shi ma a biya shi da irinta. Ba kullum yake tafiya daidai ba, musamman da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. Sai dai akwai abu ɗaya da ban yarda a taɓa ba: idan direba ya ji barci a hanyar dawowa, ya faka a gidan mai ko bakin masallaci ya yi rabin awa, babu mai tuhumarsa don ya makara. Da azumi kuma akwai dabino da ruwa da garin kunu a motar, domin sau da yawa a hanya ake shan ruwa, a hanya ake sahur, kuma zafin watan Afrilu a nan yakan haura digiri 40.

Kuɗi fa? Ai dole a zo nan. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Abin da wannan ya jawo mana ya wuce lissafin aljihu. Ma'aikaci ne zai dubi talaka, matarsa na kwance cikin jini, ya ce masa kawo kuɗin mai. Mutumin ya fita neman wanda zai sayi akuyarsa da tsakar dare. Wani nas ya ce da ni wannan tambayar ta fi ganin gawa yi masa ciwo, domin idan matar ta rasu shi ake tunawa da shi, wanda ya tsaya karɓar kuɗi. Muka kai maganar gaban kwamitin lafiya na mazaɓa da dagatai, aka buɗe asusu. Da kaka manoma kan ba da tiyar shinkafa ko ta riɗi, 'yan kasuwa su ba da abin da ya sawwaƙa, 'yan garin da ke aiki a Kano da Abuja su turo ta waya. Daga ciki ake zuba mai, ake biyan mai faci, ake ba masu tafiya kuɗin abinci da na kati. Tanki ba ya sauka ƙasa da rabi. Wanda yake da hali ya mayar da kuɗin man bayan kwana biyu, a hannun ma'ajin kwamiti, ba a hannun direba ko nas ba. Abin da ya shiga da abin da ya fita muna manna shi a bango duk wata, don ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ga shi kuma zargin da ake yi wa direbobi na sayar da mai ya mutu.

A matakin ƙasa akwai tanadi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin ɗari nasa domin jinyar gaggawa, a 2022 kuma aka ƙaddamar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, ga lambar kiran gaggawa ta 112. Ra'ayina a kan duk wani shiri irin wannan shi ne, idan ana lissafin kuɗin tafiya a sa abincin mutanen da ke cikin motar, da hutunsu, da kayan kare jikinsu a cikin lissafin tun farko, kamar yadda ake sa mai da taya.

Abin da ban zata zai yi nauyi haka ba shi ne mutuwa a cikin mota. A asibiti idan mutum ya cika akwai abokan aiki, akwai inda za ka fita ka sha iska. A mota kuwa sai dai a yi kwana a juyo, ka zauna kusa da gawa da uwarta har gida. Wasu dangin su ce kwana ne ya ƙare, su yi maka godiya, wannan godiyar ma wani ciwon ce. Wasu su ce kun yi nawa. Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ƙaddara ba ta hana mutum kwana yana juyi yana cewa da na sa ƙarin ruwa na biyu. Muka fara abin da muke kira shayin dawowa. Mai shayin bakin asibiti ya san idan motar ta shigo babu jiniya aka sauka shiru, to ya haɗa, asusu zai biya. A nan mukan tambayi abu uku kawai: me ya tafi daidai, me muka rasa a mota, me za a gyara kafin kira na gaba. Ba a kama suna. Maganar zuciya kuwa ba a tilasta wa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a tara waɗanda suka ga tashin hankali a sa su dole su zayyana abin da suka gani a zama ɗaya. Abin da ta fi so shi ne a lura da mutum, a saurare shi idan ya so magana, a biya masa buƙatar da ke gabansa, a haɗa shi da taimako idan abin ya ƙi wucewa.

Mun ga amfanin wannan bayan gobarar Majiya. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar fetur, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 aka fara ƙirgawa, daga baya adadin ya haura 200. Motarmu na cikin waɗanda suka yi jigilar waɗanda suka ƙone, ƙaramin direba ne kuma a kanta. Ya dawo bai ce komai ba, ya ci gaba da aiki, har muna yaba masa. Baba ne ya ja ni gefe bayan 'yan makonni ya ce, "Ɗana, ka lura da yaron nan? Ya daina cin nama. Idan muka wuce mai tsire sai ya toshe hanci. Jiya tanka ta sha gabanmu, hannunsa na rawa a kan sitiyari." Ni da nake da takardar shaidar aikin lafiya ban gani ba, wanda yake zama da shi a benci ne ya gani. Muka cire shi daga tafiyar dare ba tare da an yi shela ba, limamin masallacin asibiti ya riƙa zama da shi. Da abin ya wuce wata guda, barci ya ƙi, mafarkin wuta ya ƙi barinsa, sai na kawo maganar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Kazaure. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Baba ya ce masa, "Kai yaro, wanda ya ga abin da ka gani bai girgiza ba, shi ne abin a duba. Tashi mu je, ni zan raka ka." Suka je a motar haya, ba a tamu ba, don kada a yi ta tambaya. Yanzu ya koma tafiyar dare.

Da damina kuma mukan tuna cewa abokan aikinmu sun wuce waɗanda ke karɓar albashi. A ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, garuruwa da dama a Auyo da Kafin Hausa da Miga da Guri sun yanke daga kwalta. Motarmu ba ta iya kaiwa ko'ina sai bakin ruwa. Masu kwale-kwale, da masu amalanke, da 'yan acaɓa, da direbobin ƙungiyar NURTW da suka daɗe suna aikin sa kai na ɗauko mata masu naƙuda tun zamanin shirin Haihuwa Lafiya na jihar Jigawa, su suka riƙa kawo mana marasa lafiya. Tun daga lokacin muka sa wa kowane rukunin ƙauyuka mahaɗa, wato wurin da aka sani za a haɗu da motar: gindin tsamiya kaza, bakin gada kaza. Lambobin wayarsu na manne a gaban mota. Sau ɗaya a shekara mukan kira su a ci shinkafa tare, a tuna musu alamomin hatsari ga mai ciki. Wannan ya sauke wa direbobinmu wani nauyi, domin a da idan suka ƙi shiga ruwa ana ganin rashin tausayi ne.

Miƙa mara lafiya ma mun gyara shi. Kafin a tashi ake buga waya asibitin da za a je, ko Jahun ne inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ko wani wurin. A faɗi abu huɗu a taƙaice: wace ce, me ya same ta, me muka yi mata da ƙarfe nawa, me muke ganin take bukata. A kuma taho da 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Jira ya ragu, cacar baki a bakin ƙofa ta ragu.

Daga wannan kiran wayar ne wani abu ya fito wanda ban tsara shi ba. Wata rana Inna ta tambaye ni, "Malam, yarinyar nan da muka kai ranar Talata, ta tashi kuwa?" Ban sani ba. Sai na gane shekara da shekaru mutanen nan suna kai marasa lafiya suna juyowa, labarin waɗanda suka mutu a hannunsu kawai suke da shi, na waɗanda suka rayu ba ya dawo musu. Muka fara bibiya bayan kwana biyu, muna rubutawa a allon ɗakin ma'aikata ba tare da suna ba: ta ranar Talata, an yi tiyata, uwa da ɗa lafiya. Idan labarin ba mai daɗi ba ne shi ma a rubuta. Baba ba ya karanta boko, sai ya tsayar da duk wanda ya gani ya karanta masa. A cikin duk abin da muka yi wannan ne bai ci ko sisi ba, kuma tun da aka fara shi ban sake bin kowa masallaci ina neman mai rakiya ba.

Matsaloli na nan. Mota ɗaya ce, idan tana Kano aka yi kira sai dai a nemi ta haya. Alawus ɗin tafiyar dare bai taka kara ya karya ba, ma'aikata biyu da muka horar sun sami canjin wurin aiki zuwa birni, sababbin da suka zo sai an faro da su daga wankin mota. Ƙaramin direban nan kuma har yanzu ɗan wucin gadi ne, abin da ake ba shi a wata bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, ga Baba ya kusa ritaya. Mun rubuta takardar neman a ɗauke shi aiki na dindindin, duk ma'aikata sun sa hannu, Inna ta dangwala yatsa. Shugaban kwamitin mazaɓa ya ce shi da dagaci za su kai ta Dutse da kansu idan an gama yankan shinkafa.